Na Koma Firitawun Ba Kaki

Gidana a Zariya ba shi da nisa da Dafo, inda ake horar da kuratan soja. In iska ta juyo da asuba, ina zaune kan buzu bayan salla sai in jiyo kurata suna gudu suna waƙa, takalma ɗari-ɗari na dukan ƙasa kamar na mutum ɗaya. Ta wannan ƙofar na shiga a 1987, ina saurayi siriri wanda ko Kaduna sau biyu kawai ya taɓa zuwa. A 2022 shekara talatin da biyar ta cika. Aka tura mu Oshodi wata shida koyon sana'a, na zaɓi kiwon kaji, aka yi mana faretin sallama, na dawo gida da takarda da hoto.

Kajin suna nan suna ƙwai, alhamdu lillahi. Jikokina sun daina ɓuya bayan uwarsu in na shigo. Ba abin da zan ce na rasa. Amma tun watan farko wani abu ya riƙa taso mini da na kasa faɗa a gida, don kada a ce butulci ne: ƙafata ce ke ƙaiƙayi. Ga mu kusa da makarantar koyon tuƙin jirgin sama, ƙananan jiragensu ba sa hutawa, kuma duk wanda ya gifta sai in tsinci kaina na saki bokitin abincin kaji na ɗaga kai kamar yaro.

Ƙasa uku kaki ya kai ni. Laberiya a 1993, Saliyo daga 1998 zuwa ƙarshen 1999, duk a ƙarƙashin ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta ECOWAS, sai Darfur a 2008 da shuɗiyar hula, inda na zauna a Nyala na riƙa cinikin tumatir da Hausa a kasuwa. Ko ina wuta ce ta kai mu. Ba ni kaɗai ke da wannan ciwon ba. Mu 'yan mazan jiya muna da majalisa da la'asar a gindin wata darbejiya, gaban mai shayi, kuma hirar kullum ɗaya ce: a fara da farashin masara, a ƙare a wata ƙasa. Babbanmu, wani tsohon samanja da ya yi Lebanon a farkon shekarun 1980, har gobe labarin tuffa yake yi da ranar da ya fara ganin ƙanƙara ta rufe dutse. Wani ya yi Somaliya. In ɗaya ya ɗauko labari, sauran sun san ƙarshensa, amma ba mai katse shi, don kowa na jiran layinsa.

Ranar 26 ga Nuwamba 2023 ina sauraron rediyo aka ce an kai hari barikin Wilberforce a Firitawun, babban birnin Saliyo, an fasa gidan yarin Pademba Road. Labarin da kansa bai daɗe ba, an murƙushe abin. Sunayen ne suka kama ni. Kowane suna da mai karanta labarai ya ambata sai titi ya miƙe a kaina, da kwanarsa, da kwatarsa, da warinsa. Daren nan ban yi barci ba. Da gari ya waye na ce wa uwargida zan je Saliyo.

Ta ajiye muciya ta dube ni. Ta ce, "Malam, mutane na tara kuɗin Umara, kai kana tara na komawa inda aka so kashe ka? Ai kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba."

Na ce mata kwana shida kawai zan yi. Ta ce sabo turken wawa, ta koma kan tuƙinta. Amma ita ce ta yi mini dambun naman guzuri.

A nan ne na gane ban iya tafiya ba. Mutumin da ya ƙetare iyaka sau da dama, ga shi bai san yadda ake sayen tikiti ba. A soja ba ka yin komai. Sigina za ta zo, a jera ku, a kira suna, ka amsa, ka ɗauki jaka ka hau. Zuwana Laberiya da Saliyo ban nuna wa kowa fasfo ba, sunana na cikin takardar da hafsa ke riƙe da ita, shi ke nan. Yanzu sai da ɗana ya zaunar da ni da wayarsa, muka cike na fasfo, muka nemo katin rigakafin shawara, ya nuna mini cewa ɗan ƙasar ECOWAS ba ya bukatar biza, yana da kwana casa'in. Na sayar da sa guda na haɗa da abin da na ɓoye daga garatuti. Darfur na fi so in sake gani, amma tun Afrilun 2023 Sudan ba ta shiguwa.

A makon farko na Janairun 2024 na tashi. Mota zuwa Kaduna, jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Idu, jirgin sama zuwa Legas, na kwana wurin wani ɗan'uwa a Agege. Washegari muka ɗaga, aka yada zango a Akara, sannan aka miƙa yamma.

Wancan zuwan a cikin jirgin soja C-130 na je. Wanda ya shige shi ya san ba jirgin kallo ba ne. Kuna zaune kan igiyoyi kuna fuskantar juna, gwiwa na gugar gwiwa, buhunan shinkafa da akwatunan harsashi a tsakiya, ƙara kuma ko ihu ka yi na kusa da kai sai dai ya karanci leɓenka. Wannan karon kujera aka ba ni bakin taga, wata yarinya ta sunkuyo da ladabi tana tambaya kaza nake so ko kifi. Da jirgi ya fara sassauto na ga gaɓar teku shimfiɗe, koguna sun yi rassa cikin kurmi kamar jijiyoyin bayan hannun tsoho. Na waiwaya in ce wa wani, "Kai, duba!" Na kusa da ni wani saurayi ne da abu toshe a kunne, ido a rufe. Na mayar da maganata ciki.

Filin jirgin Lungi ya canja. Sabon gini aka buɗe a 2023, da gilasai da sanyin na'ura. Inda na sani da ramukan ɓuya da buhunan yashi, yanzu masu canjin kuɗi ne da masu sayar da layin waya. Kuɗin ma sun canja, tun 2022 aka yanke wa leyon sifili uku. Jami'ar shige da fice ta juya fasfona fes, ko tabo babu, ta ce, "Zuwanka na farko ke nan?" Na ce na taɓa zuwa, da daɗewa. Ta dubi furfurata, ta buga hatimi, ta miƙo mini.

Filin jirgin Saliyo ba a cikin Firitawun yake ba, ruwa ne tsakaninsu, mashigin kogi mai faɗi da ke zubawa a teku. Masu hali na shiga ƙananan jirage masu gudu su sauka Aberdeen. Ni na bi talakawa zuwa Tagrin na shiga babban jirgin fito, wanda ke ɗaukar motoci a ƙasa, mutane a sama. Kusan awa guda muna kan ruwa, mai tallan magani na ba da dariya, mai wa'azi na nasa, mata na ɓare gyaɗa. Na tsaya jikin ƙarfe ina kallon gaba. Duwatsu ne kore shar suka taso daga cikin teku, gidaje sun hau su har kusan ƙoli, hazon hunturu ya ɗan lulluɓe su. Wallahi sai ranar na san garin nan kyakkyawa ne. Kusan shekara biyu na yi a cikinsa, amma duk dutsen da na kalla a lokacin, abin da nake lissafawa shi ne ta ina za a iya harbo mu daga kansa.

Na sauka a wani ƙaramin masauki a gabashin gari, ba nisa da Kissy Road. Kusa da shi akwai shagon wani Bafulatani, irin Fulanin Futa Jalon da ke riƙe da ƙananan shaguna da gidajen burodi a duk garin, har burodin ma da sunansu ake kiransa. Na yi masa sallama, ya amsa, ya ce, "Aw di bodi?" Kafin in yi tunani bakina ya ce, "Tel God tenki." Shekara ashirin da huɗu harshen Kiriyo na kwance a wani lungu na kaina ban sani ba. Shi ya nuna mini masallaci, shi kuma ya riƙa ajiye mini ruwan zafi da safe.

Kwana na biyu na fita neman abin da, in zan faɗi gaskiya, shi ya kawo ni.

Ga waɗanda ba su san labarin ba: a Mayun 1997 sojoji ƙarƙashin Johnny Paul Koroma suka kifar da gwamnatin Ahmad Tejan Kabbah, suka gayyato 'yan tawayen RUF cikin gari. A Fabrairun 1998 ECOMOG ta kore su, a Maris Kabbah ya dawo. Muka ɗauka an gama. Sai ranar 6 ga Janairun 1999, cikin azumi, kafin asuba, suka dawo ta gabas, ta Calaba Town da Wellington da Kissy. Sun saje da dubban mutanen da ke gudun hijira, mata da goyo, tsofaffi da ƙunshi a ka. Kana tsaye a shinge, taron mutane na tunkaro ka cikin duhu, ba ka san wanne ne mai bindiga a ƙarƙashin zane ba. Muka ja da baya, titi bayan titi, har gadar Congo Cross, inda aka tsayar da su. An ɗauki makonni kafin a kakkaɓe su daga gabashin gari, kuma da suna janyewa suka cinna wa unguwanni wuta, suka yanke hannuwan mutane, har da yara.

Ina kofur a lokacin. Akwai wani yaro ɗan Azare a sashena, mai igiya ɗaya, da muke buɗa baki tare da garin kwaki da sukari a kofi guda. Ba ya wasa da azumi ko ana ruwan wuta, na sha ce masa Allah ya yi wa matafiyi rangwame, sai ya yi dariya ya ce shi ai ya zama ɗan gari. A wata mahaɗa aka same shi, muna janyewa. Ni na ɗora shi a bayan mota. Daga nan ban sake ganinsa ba.

Na ɗauka ko ido a rufe zan kai kaina mahaɗar nan. Sai da na yi awa biyu ina sama ina ƙasa tsakanin 'yan acaɓa da 'yan keke. Gidajen katako da na sani sun ƙone tun lokacin, benayen siminti sun maye gurbinsu. Kwalbati ce ta cece ni, da yadda titin ya karkata ya fara hawa dutse. A daidai inda buhunan yashinmu suke, yanzu wata 'yar rumfa ce ta cajin waya, da kiɗa na tashi. Na tsaya ina karanta abin da ya sauwaƙa a zuci. Yaron rumfar ya ga dattijo ya ƙame yana motsa baki, ya ce, "Pa, caji za ka yi?" Wayata cike take. Na miƙa masa, na biya, na zauna kan bencinsa rabin awa.

Da azahar na shiga wani ɗan gidan abinci a nan kusa. Shinkafa da miyar ganyen rogo, da manja da kifi, abincin da na yi ta ba uwargida labarinsa har ta gwada sau ɗaya ta ce kada in sake sa ta wahala. Mutumin Saliyo in bai ci shinkafa ba, ko me ya ci, cewa zai yi bai ci abinci ba ranar. Mai abincin, wata dattijuwa, ta ji harshena ta tambaye ni daga ina. Na ce Najeriya. Ta ce aiki? Na yi jim, sannan na ce a'a, na taɓa zama a nan da ECOMOG. Matar nan ta saki ludayi ta kama hannuna da hannu biyu. Ta ce wani sojan Najeriya ne ya ɗauki 'yarta a kafaɗa ya ƙetare da ita gada, yarinyar yanzu ma'aikaciyar jinya ce da 'ya'ya uku. Ta rantse ba za ta karɓi kuɗina ba, ta ƙara mini kifi.

Akwai wani mutum a ƙarshen bencin, zai yi shekara arba'in da 'yan kai, yana cin abincinsa bai ce uffan ba. Sai da ya wanke hannu ya juyo. Ba faɗa, ba ɗaga murya. Ya ce yayansa ma a shingen ECOMOG ya tsaya, a watan nan, wani ya nuna shi da yatsa ya ce ɗan tawaye ne, aka janye shi gefe. Ɗalibi ne. Ba su ga ko gawarsa ba. Ya faɗa, ya biya kuɗinsa, ya ce mini in sauka lafiya, ya fita.

Ban da amsa. An yi hakan, kuma hukumar gaskiya da sulhu ta ƙasar, a rahotonta na 2004, ba ta tsallake mu ba. Hannuna bai yi ba, amma idona ya ga an janye mutane gefe a waɗancan makonni, kuma bakina bai buɗe ba. A majalisarmu ta gindin darbejiya ba a ba da irin wannan labarin. Kifin da dattijuwar ta ƙara mini na cinye shi don kada ta ji ba daɗi.

Sauran gari na bi shi da sauri. Titin Sani Abacha na nan da sunansa a tsakiyar kasuwa, cike da mata 'yan tireda, ba wurin sa ƙafa. Duk abin da ake faɗa a kan mutumin a gida, a can wanda ya dawo musu da shugabansu suka sani. Gadar Congo Cross yanzu Gadar Zaman Lafiya ake kiranta, kuma ta ba ni mamaki da ƙanƙanta, taku kaɗan ka ƙetare. Abin da ya taɓa ni shi ne rimin tsakiyar gari. Mu mutanen Zariya mun san darajar rimi, unguwanni muke kira da shi, Rimin Tsiwa, Rimin Doko. Nasu ya fi duk wanda na taɓa gani, jemagu dubbai na reto a jikinsa, har a takardar kuɗinsu yake, kuma suna cewa a gindinsa 'yantattun bayin da suka kafa garin a 1792 suka yi addu'a. Da shi muke kwatance in muna sintiri. Guguwa ta kayar da shi a Mayun 2023, wata bakwai da 'yan kwanaki kafin zuwana. Kututture na tarar.

Ranar Asabar na tafi bakin teku a Lumley. A can na ga masu ƙafa ɗaya suna buga ƙwallo kan yashi da sanduna, suna gudu fiye da yadda ni mai biyu zan iya yanzu, mai tsaron gida kuma hannu ɗaya gare shi. Manyan cikinsu sa'o'in yaran da muka riƙa ɗauka zuwa asibiti ne. Na kalla har aka tashi. Na sayi kwakwa, na zauna ina kallon ruwa. Ba mai jirana, ba mai kiran sunana, ba begila, ba dokar komawa sansani kafin duhu. Abin da na yi shekaru ina mafarki ke nan, in zauna bakin tekun nan ba bindiga a cinya. Ban yi awa ɗaya ba na gaji.

A nan na fahimci rabin ciwona tikiti ba ya maganinsa. Ba hawa jirgi kaɗai nake kewa ba. Kewar sauka a baƙuwar ƙasa nake cikin mutum ɗari bakwai da duk tsoronsu ɗaya da nawa, wani na zolayar wani da kabilarsa, Bayarabe na satar barkonon Tibi, kowa na ƙirga kwanakin da suka rage. Garin yana nan, ya ma fi da kyau. Bataliyar ce babu. Na ciro waya na kira tsohon samanja ta WhatsApp, na juya masa kyamara ya ga teku. Na ji majalisa ta kaure a bayansa, kowa na cewa a ba shi ya gani. Sai da katina ya ƙare.

Da dare ina komawa masauki a keke muka tarar da shinge. Tun abin da ya faru a Nuwamba ake tsaurara bincike. Mai keke ya rage gudu, ya kashe kiɗa. Ni kuwa ban san lokacin da na ɗora hannuwana biyu kan gwiwa a buɗe ba, yadda nake so fasinja ya yi mini a da. Wani soja matashi ya haska ni da tocila. "Pa, ina zuwa?" Na faɗa masa. Ya karɓi fasfo, ya gani kore ne na Najeriya, ya tambayi abin da ya kawo ni. Na zaro katin ritayata na haɗa masa. Ya daɗe yana dubawa. Ya ce shi a 2001 aka haife shi, amma uwarsa ta ba shi labari. Ya haɗa ƙafa ya sara mini.

Ina kallonsa ina lissafi irin na da. Takalmi a goge, yatsa a wajen kunama, madalla. Amma ya tsaya tsakanin fitilar shago da titi, duk mai zuwa daga duhu yana ganinsa tun daga nesa. Maganar ta zo har bakina: yaro, matsa hagu taku uku. Sai na tuna ni fasinjan keke ne. Na ce masa Allah ya tsare, muka wuce.

Na dawo Zariya ranar Laraba da dare. Kaji biyu sun mutu a bayana, uwargida ta ce sanyi ne, ta karɓi atamfar da na sayo mata a titin Abacha ta ce irinta na nan a Sabon Gari, kuma da araha. Washegari da la'asar na je majalisa. Ba a bar ni na zauna ba aka fara tambaya. Na ba su labarin jirgin fito, da rimi, da sojan da ya sara mini, da dattijuwa mai kifi. Na mutumin ƙarshen benci na fara, sai na ga wani ya sunkuyar da kai yana juya cokali a kofin da ba komai a ciki, amma na ƙarasa shi.

Aka yi shiru. Can tsohon samanja ya miƙo hannu ya ce in ba shi fasfon. Ya sa tabarau, ya buɗe shafin hatimin Lungi, ya shafa shi da babban yatsa.

Ya ce, "Duka-duka nawa ka kashe?"

Na faɗa masa. Ya yi salati. Wanda ya yi Laberiya tare da ni ya matso da kujerarsa, ya yagi gefen kwalin sukarin mai shayi, ya ari biro.

Ya ce, "Sake faɗa a hankali. Kuma jirgin nan, yana tsayawa Manrobiya?"